Sai An Danna Ka Biya: Abin da Ya Sa Ba Na Gajiya da Yabon Google Ads

Ni dai a duk hanyoyin talla da na sani, babu wadda ta kwanta min a rai kamar Google Ads, kuma ba na jin nauyin faɗin haka a gaban kowa. Na san tallar rediyo, na san ta jarida, na san manyan allunan da ake kafawa a bakin titi, ga kuma ta Facebook da Instagram. Kowacce da ranarta. Amma dukkansu hanya ɗaya suke bi: su tare mutum yana tsaka da wata sabgar, yana sauraron labarai ko yana tuƙi ko yana kallon hotunan biki, su ce masa dakata ka ji. Ita kuwa tallar da ke fitowa a saman sakamakon binciken Google, mutum ne da kansa yake ɗaukar waya ya rubuta abin da ya dame shi, sannan ta bayyana. Shi ya zo nema. Kai kuma ba za a cire maka ko sisi ba don kawai ya gani. Mutum dubu su gani su wuce, aljihunka na nan yadda yake. Sai wanda ya sa yatsa ya danna, shi ne za ka biya dominsa.

Wanda ya san Kantin Kwari zai gane nan take. Baƙo ya shigo yana tambayar ina masu shadda, sai yaro ɗan kamasho ya ja shi har bakin shagonka, kai kuma ba ka sallami yaron sai baƙon ya tako ciki. To ka ƙaddara wannan yaron ba ya barci, yana jin tambayar duk wanda ya buɗe baki a faɗin gari, kuma duk lokacin da ka nema zai miƙo maka takarda ɗauke da abin da baƙin suka faɗa da bakinsu. Wallahi abin ya isa a yaba.

Ba Google ne ya fara kawo dabarar ba. Wani Ba'amurke ne mai suna Bill Gross, mai kamfanin Idealab da ke garin Pasadena a jihar Kalifoniya, ya fito da GoTo.com a 1998, shekarar da aka kafa shi kansa Google ɗin. Tsarinsa a fili yake: 'yan kasuwa su yi tayi a kan kalma, wanda tayinsa ya fi tsoka ya hau sama, kowa ya biya abin da ya taya duk sa'ad da aka danna. A 2001 kamfanin ya koma Overture, a 2003 Yahoo ya saye shi a kan dala biliyan 1.6 da ɗoriya. Google ya buɗe nasa mai suna AdWords a watan Oktoba na 2000 da masu talla 350 kacal, kuma a lokacin kuɗin gani ake biya, ba na dannawa ba. Sai a Fabrairun 2002 ya rungumi tsarin a-danna-ka-biya. Overture ya maka shi a kotu kan haƙƙin mallakar fasaha, aka sasanta a 2004 bayan Google ya ba Yahoo hannun jari miliyan 2.7. Sunan Google Ads kuwa a 2018 aka raɗa shi.

Amma da Google ya ɗauko dabarar bai bar ta yadda ya same ta ba. Gyara biyu ya yi mata, kuma waɗannan gyare-gyaren su ne suka sace min zuciya.

Na farko, wanda ya ci gwanjo ba ya biyan duk abin da ya taya. Abin da zai ishe shi ya tsaya gaban na bayansa, shi kaɗai ake cira. A tsohon tsarin, tun da kowa cikakken tayinsa yake biya, sai masu talla suka koma ƙara wa juna kwabo-kwabo ba dare ba rana, farashi ya hau, ya rufto, ya sake hawa. Sabon tsarin ya ɗauke wa mutane wannan wahalar: ka faɗi iyakar abin da za ka iya, ka koma harkarka. Tunanin yana da dangantaka da aikin masanin tattalin arziki William Vickrey, wanda ya yi rubutu a kan gwanjon farashi na biyu a 1961, ya kuma samu kyautar Nobel a 1996.

Na biyu shi ne babba. Kuɗi kaɗai ba ya kai mutum sama. Google yana haɗa tayinka da ingancin tallarka, wato yadda ta dace da abin da mai neman ya rubuta da kuma yiwuwar ya danna ta. Bari in kafa misali da lambobin da na tsara don bayani kawai. Alhaji mai babban kamfani ya taya naira 300 a kan kowace dannawa, amma tallarsa ta gama-gari ce, yabon kamfanin kawai take yi, makin ingancinta 3. Wani matashi mai ɗan shago ya taya naira 150, amma tallarsa ta ambaci ainihin kayan da ake nema da unguwa da farashi, makinta 8. A ninka: Alhaji yana da 900, matashi yana da 1,200. Matashin ne a sama. Kuma da aka zo biya, ba 150 ɗin za a cire masa ba, sai abin da zai sa ya ɗara 900 ɗin Alhaji, wato 900 a raba 8, kimanin naira 113. Ya taya rabin na Alhaji, ya zauna a kansa, ya kuma biya ƙasa da abin da shi kansa ya taya! Lissafin gaske ya fi wannan rassa, domin ana duba inda mai neman yake da irin na'urar da ke hannunsa da lokacin da ya yi binciken, kuma sabon gwanjo ake yi a kan kowane bincike cikin ƙiftawar ido. Amma ginshiƙin bai canja ba.

A ina aka taɓa yin haka? A jarida, mai kuɗi ne ke sayen bangon farko. A titi, mai kuɗi ne ke kama allon da ke kan shataletale. Nan kuwa an ba ƙwazo daraja, an mayar da shi abin da ke rage wa mutum farashi. Ba don tausayi Google ya yi haka ba, kuma wannan ne ma ya sa na amince da tsarin. Tallar da ba a dannawa ba ta kawo masa komai, ko da mai ita ya taya miliyan. Ribarsa tana cikin nuna wa mutane abin da suke so, ribarka ma tana can. A 2023 kaɗai, ɓangaren bincike da danginsa ya shigar wa kamfanin dala biliyan 175. Kuɗi irin wannan ba sa taruwa shekara da shekaru idan masu biya ba sa ganin abin da suke samu.

Shi makin ingancin, wanda aka shigo da shi a 2005, ba a ɓoye maka shi ba. Yana nan gefen kowace kalma, daga 1 zuwa 10, an kuma fasa shi gida uku: yiwuwar a danna tallar, dacewarta da kalmar, da kyawun shafin da mutum zai sauka a kai bayan ya danna. Kowanne za a gaya maka ko ka wuce matsakaici, ko kana tsakiya, ko kana ƙasa. Ka ga ke nan an nuna maka inda ciwon yake, saura magani.

To, yanzu mu zo ga wurin da na fi ƙauna a cikin manhajar gaba ɗaya, wato rahoton kalmomin da mutane suka rubuta. Duk wanda yake biyan kuɗin talla a Google bai taɓa buɗe wannan rahoton ba, bai ɗanɗani daɗin abin ba tukuna.

Ni nake kula da tallar shagon sola na wani ƙanena a Kano. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma ƙara kuɗin lantarki ga 'yan rukunin A a Afrilun 2024, mutane suka juyo kan sola, masu haɗawa kuma suka yi yawa. Idan na buɗe rahoton, sai in ga layi-layi na abin da mutanen gari suka rubuta kafin su danna tallarmu. Galibi da Turanci ne, wani da kuskuren rubutu, wani a haɗe da Hausa. Ga wanda ya rubuta yana neman farashin sola a Kano. Ga mai neman wanda zai haɗa masa a kusa da shi. Ga mai tambayar solar da za ta ɗauki firji da fanka. Ga mai son sanin ko batirin litiyam ya fi na ruwa daɗewa. A gefen kowane layi an rubuta sau nawa aka nuna tallar, sau nawa aka danna, nawa aka cire, da kuma ko wani a cikinsu ya kira waya. Babu sunan kowa, babu lambar kowa, buƙatar mutane ce tsirararta.

A cikin layukan kuma za ka ga waɗanda ba naka ba ne. Mai neman aiki a kamfanin sola. Ɗalibin da ke son koyon haɗawa kyauta. Mai neman zanen yadda ake jona wayoyin inbata don ya yi da kansa. Mai son 'yar fitilar hannu ta caji. Mai cigiyar tsohon batir. Dukkansu bayin Allah ne da ke da buƙata ta gaskiya, amma ba wadda shagon zai biya musu ba, kuma kowace dannawarsu kuɗi ce ta fita. Nan ne Google ya ba ka makamin da nake ganin ya fi kowanne amfani: kalmomin kora. Ka yi wa layin alama, ka ce duk binciken da ya ƙunshi aiki, ko kyauta, ko koyo, ko zane, ko tsoho, kada a sake nuna tallata. Shi ke nan, an rufe ƙofar. Kuɗin da da zai tafi can ya dawo yana jiran mai saye. Kuma amfanin biyu ne, domin da ka daina bayyana ga waɗanda ba ruwansu da kai, kason masu dannawa a cikin masu gani yakan ƙaru, wannan kuma yana taimakon ingancin tallar. Kowane mako jerin kalmomin korar yana ƙara tsawo, tallar tana ƙara kaifi. Ni a wurina riba a wannan harka tana farawa ne daga sanin wanda ba ka so ya danna.

Rahoton ba kora kaɗai yake koyarwa ba. A nan na lura da abin da ya canja yadda shagon yake magana da mutane baki ɗaya. Masu sana'ar sola da ƙarfin inbata suke tunani, su ce mai kaza da rabi, mai biyar, mai goma. Amma layukan rahoton sun nuna yawancin masu nema ba haka suke tambaya ba. Da kayan ɗakinsu suke tambaya: firji, fanka, talabijin, injin jan ruwa, firizar ƙanƙara. Sai muka sake kanun tallar ya koma yana ambaton solar da ke ɗaukar firji da fankoki, a Kano, tare da haɗawa. Google yana ba ka damar rubuta kanu har 15, kowanne kada ya wuce harafi 30, da bayani har 4 masu harafi 90, shi kuma ya riƙa jujjuya su yana gwada haɗin da ya fi karɓuwa. Harafi 30 ba wurin kirari ba ne. Dole ka faɗi kaya, ka faɗi gari, in da hali ka faɗi farashi. Ina son wannan matsin ƙwarai, don yana tilasta wa ɗan kasuwa ya san abin da yake sayarwa. Farashin ma da wasu ke tsoron bayyanawa aiki yake yi: wanda ya ga ya fi ƙarfinsa ba zai danna ba, bai ci maka ko kwabo ba.

Shafin saukar ma muka daidaita shi da tallar. Maimakon a jefa mutum shafin farko mai tarihin shago da hoton mai shi, sai ya sauka kai tsaye a kan tsari uku, kowanne da jerin kayan da yake ɗauka da kuɗinsa, ga maɓallin kira, ga na WhatsApp, shafin kuma marar nauyi don ya buɗe ko da sabis ya yi rauni. Irin kiran da ke shigowa bayan haka daban ne. Za ka ji an ce, “Salamu alaikum, Malam, na ga tsarinku na biyu. In na ƙara firiza zai ɗauka, ko sai na uku?” Ƙanena ya ce, “Ranka ya daɗe, firizar babba ce ko ƙarama? A wace unguwa kake, in turo yaro ya duba?” Ka ji fa. Babu dogon bayani, babu lallashi. Ciniki ya riga ya yi rabi kafin a ɗaga waya.

Akwai matakai uku na yadda kalmarka za ta kama bincike, kuma sanin su yana ceton kuɗi. Akwai sakakke, wanda ke kamo duk abin da Google ya ga yana da alaƙa da kalmar, ko da nesa ne. Akwai na jimla, wanda ake sa wa alamar zance, yana kama binciken da ya ƙunshi ma'anar jimlarka. Akwai matsattse, wanda ake sakawa cikin baka mai kusurwa, yana tsayawa a kan ma'anar kalmar ita kanta da 'yan bambance-bambancen rubutu. Mai ƙaramin jari ya fara da na biyu da na uku. Sakakken yana da amfani, amma sai ga wanda ya riga ya tara kalmomin kora, yake kuma ƙirga cinikinsa. Kafin ka kashe ko naira ɗaya ma, akwai Keyword Planner a cikin asusun, kyauta, da zai nuna maka kimanin yawan masu neman kalma da kimanin abin da ake tayawa.

Sai zancen wuri da lokaci, wanda shi ma abin burgewa ne. Kana iya ɗora alama a kan shagonka a taswira ka ce kilomita kaza kewaye da nan, iyakata ke nan. Mai haɗa sola a Kano ba shi da haɗi da mai nema a Fatakwal. Sai dai a lura da wani ɗan zaɓi da ke ƙasa: in ba ka taɓa shi ba, tallar tana iya zuwa ga wanda ya nuna sha'awar garin ko da ba a cikinsa yake ba. Mai otal yana son haka, domin baƙonsa daga nesa yake nema. Mai gyaran famfo kuwa sai ya mayar da shi kan waɗanda ke cikin garin. Haka lokaci: kana iya kashe tallar a sa'o'in da babu mai ɗaga waya, kamar tsakar dare ko lokacin sallar Juma'a, ka kunna ta da an buɗe shago. Da azumi ka matsar da ita zuwa lokacin da mutane suka fi riƙe waya. Da zafin Maris da Afrilu ya kankama ka ƙara kasafi, da sanyin hunturu ya shigo ka rage. Wane allon titi ne zai yi maka wannan biyayyar?

Kasafin kuma kai ne mai yanke shi. Babu kwantiragi, babu wanda zai ce sai ka sayi wata uku. Ka faɗi abin da za ka iya a rana. Wata ranar Google yana iya kashe har ninki biyu na wannan adadin idan masu nema sun yi yawa, amma a wata ba zai caje ka fiye da kasafin ranar sau 30.4 ba. Kaya sun ƙare a shago? Danna maɓalli ɗaya, talla ta tsaya. Sun iso? Ka sake dannawa.

Duk wannan ba zai zama riba ba sai an ƙirga, kuma a nan ne mutane da yawa ke tsayawa rabin hanya. Yawan dannawa ba shi ne nasara ba. Arhar dannawa ma ba ita ba ce. Abin tambaya shi ne nawa na kashe kafin ciniki ɗaya ya faɗa. Manhajar tana da hanyar ƙirga wanda ya danna maɓallin kira ko ya cike fom ko ya saya, ta kuma danganta shi da ainihin kalmar da ta kawo shi. A sake ɗaukar misali: kalma ɗaya naira 50 ake dannawa, mutum 200 sun danna, naira 10,000 ta tafi, babu wanda ya saya. Wata kalmar naira 250 ce, mutum 40 suka danna, ita ma 10,000 ɗin ce, amma biyu sun sa an haɗa musu. Wadda ake gani mai tsada ita ce mai arha. Ba za ka taɓa gane haka ba sai da ƙirga, kuma da ka gane, sai ka kwashe kuɗin waccan ka zuba a wannan. Wanda cinikinsa a waya yake ƙarewa, ya ajiye littafi kusa da shi, duk wanda ya kira ya tambaye shi a ina ya ga shagon.

Akwai wani bincike da nake yawan ba mutane labarinsa, domin duk da kamar suka ne ga irin wannan talla, ni ƙara min ƙaunarta ya yi. A 2012 wasu masana tattalin arziki uku, Thomas Blake da Chris Nosko da Steven Tadelis, suka yi gwaji a kamfanin eBay na Amurka, aka buga sakamakon a mujallar Econometrica a 2015. Sun dakatar da tallar da kamfanin ke biya a kan sunansa, sai suka ga kusan duk mutanen sun ci gaba da shigowa ta sakamakon kyauta da ke ƙasa. Wato kamfanin yana biyan kuɗi ne a kan mutanen da dama wurinsa za su zo. Da suka gwada sauran kalmomin kuma, suka ga tallar ta fi tasiri a kan sababbin masu saye da waɗanda ba su cika sayayya a wurin ba, tsofaffin abokan ciniki kuwa ba ta ƙara musu komai. Ka duba da kyau, wa wannan sakamakon ya yi wa albishir? Ƙaramin ɗan kasuwar da ba a san shi ba. Shi kusan duk wanda ya gan shi sabo ne. Abin da ya zama asara ga shahararren kamfani, shi ne ainihin ribar mai shago ɗaya a lungu.

Tambayar da 'yan kasuwarmu suka fi yi min ita ce, “To idan maƙiyi ya zauna yana ta dannawa don ya ƙarar min da kuɗi fa?” Tambaya ce mai kyau, kuma an daɗe da yin ta a duniya. A 2006 Google ya amince da sasanci na dala miliyan 90 a wata ƙara da masu talla suka shigar a jihar Arkansas kan dannawar bogi. Yau akwai matatar da ke tsame irin wannan dannawa, ba a cajin mai talla a kan wadda aka kama, kuma akwai gurbi a rahoto da ke nuna yawan wadda aka tsame. Ga kuma kasafin rana da ya zama katanga.

Ban ce kamfanin waliyyi ba ne. A watan Agustan 2024 alƙali Amit Mehta na wata kotun tarayya a Washinton ya yanke hukuncin cewa Google ya yi babakere a kasuwar bincike ba bisa ƙa'ida ba. Tun 2020 kuma aka rage yawan kalmomin da rahoton nan nawa abin ƙauna yake nunawa, aka ɓoye waɗanda masu nemansu ba su da yawa, da hujjar kare sirrin mutane. Sannan lokacin buɗe talla akwai akwatunan da ke zuwa da alama a kansu, kamar wanda ke watsa tallarka zuwa wasu shafuka da ba na bincike ba. Mai ƙaramin kasafi ya cire alamar. Shawarwarin da manhajar ke kawowa ma a karanta su da idon ɗan kasuwa, a ɗauki mai amfani a bar sauran. Duk wannan gaskiya ne, kuma bai rage min komai ba, domin linzamin yana hannun mai talla muddin ya yarda ya riƙe shi. Wanda yake son ya gwada wata kasuwar, Microsoft yana da irin wannan tsarin a Bing, har da hanyar kwaso tallar da ka riga ka gina a Google.

Ba kowace sana'a ce za ta ci moriyarsa ba. Kayan da ribarsu ba ta kai kuɗin 'yan dannawa ba, ko sabon abin da babu wanda ya san sunansa balle ya neme shi, gara a kai su Facebook da TikTok inda ido ke gani ya yi sha'awa. Amma duk abin da mutum ke tashi da niyya ya nema, nan ne gidansa: haƙar rijiyar burtsatse, makarantar kuɗi, otal, hayar mota, asibitin haƙori, gyaran na'urar sanyaya ɗaki, dillancin gidaje. Abin da ya fi sa ni zumuɗi shi ne masu fitar da amfanin gona. Zoɓorodon Kano da Jigawa babbar kasuwarsa Meziko ce. Ɗan kasuwa yana zaune a Dawanau zai iya tsara tallar da ba za ta fito ko'ina ba sai Meziko, da harshen Sifaniyanci, ga wanda ya rubuta yana neman mai sayar da zoɓorodo a sari. Haka mai riɗi, haka mai citta. A da, sai mai kuɗin jirgi da rumfa a bajekolin ƙasa da ƙasa ne ke samun irin wannan haɗuwar.

Buri ɗaya ya rage min. Shafin binciken Google na Najeriya yana da Hausa, fassarar Google ma ta karɓi Hausa tun 2013, amma a jerin harsunan da Google Ads ke karɓa a talla, akwai Larabci da Faransanci da Turanci, babu Hausa. Masu rubuta tambayarsu da Hausa suna ƙaruwa, kuma sun cancanci a amsa musu da harshen da suka yi tambaya.

Ɗan'uwa mai sana'a, in kana da kayan da ake nema, ka ware abin da ba zai girgiza jarinka ba, ka zaɓi kalmomi kaɗan da suka yi daidai da abin da ke shagonka, ka tsaya a garinku, ka sa lambar da za a ɗaga. Bayan mako guda ka buɗe rahoton nan ka karanta shi layi-layi, ka kori waɗanda ba naka ba. Ni dai na ba Google Ads maki 9 cikin 10, ɗayan kuma na riƙe shi sai ranar da aka sa Hausa.